Mai Naɗi, Wanda Aka Binne da Sahu Biyu

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Na faɗi wannan a cikin motar da ta ɗauko ni daga Damagaram Takaya, na yi ta maimaitawa har bakina ya bushe, kuma ba ni da ja a kansa. Baba ya tsufa, tari ya cinye masa ƙirji, ni da nake aikin jinya na fi kowa sanin cewa tafiyar ta matso. Mutuwarsa ba ta ba ni haushi ba. Yadda aka binne shi ne ya ba ni haushi, shi ya sa na zauna ina wannan rubutu, maimakon in lulluɓa da zane in yi ta sharar hawaye kamar yadda ake so 'ya mace ta yi.

Da hantsi ya cika, bayan azahar aka kai shi. Ni kuwa sai dab da magariba na iso Zinder, an riga an dawo daga maƙabarta. Tun daga bakin lungu na ga abin da ya tsaya mini a wuya. Tabarmin da aka shimfiɗa a ƙofar gida rabinsu babu kowa. Waɗanda ke zaune kuma abokan aikin Yayana ne, masu gogaggun takalma, sai jama'ar Kawu, wan mahaifiyarmu, kowa da carbi a hannu. Na duba fuska ɗaya bayan ɗaya, ban ga ko mutum guda daga cikin waɗanda na taso ina gani a zauren Baba ba.

A cikin gida mata sun fi yawa, amma gaisuwar tasu ta fi ƙona mini rai. Wata ta kama hannuna tana cewa, "Allah ya yafe mishi, Allah dai ya yafe mishi," tana danna kalmar yafewar kamar wanda ya kashe rai ake wa addu'a. Wata ta ce, "Ai ya ma yi tsawon kwana, duk da dai..." sai ta haɗiye sauran. Wata baƙuwa, matar abokin aikin Yaya, ta tambaya cikin ladabi wace sana'a marigayin yake yi. Kafin in buɗe baki matar Yaya ta yi caraf ta ce, "Noma yake ɗan taɓawa." Baba! Mutumin da ko barkono bai taɓa shukawa a bayan ɗaki ba. A ƙofar ɗakinsa kuma an ajiye kasko an zuba turaren wuta har hayaƙi na sa mutane tari, wai don kada baƙi su ji ƙanshin ganyen da ke ciki.

Inna na zaune a ƙuryar ɗaki, ta zama 'yar mitsitsiya cikin mayafi. Na durƙusa gabanta. Ba ta yi kuka ba. Ta jawo kaina kusa da bakinta ta ce, "Na leƙa ta jikin ƙyaure da za a yi mishi salla. Sahu biyu ne, 'yar nan. Na biyun ma bai kai bangon maƙwabta ba."

Sahu biyu, ga mutumin da in ya bi ta kasuwa sai ya gaji da amsa gaisuwa.

Ban sha wuyar gano dalili ba. A garinmu ba a ajiye gawa. In mutum ya rasu da safe, akan tura gidan radiyo a karanta sanarwa, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, kafin azahar unguwa ta cika. Kuma kowa ya san yadda ake yi: bayan sunan yanka, sai a faɗi sunan da gari ya san mutum da shi, don da shi ne za a gane ko waye. Baba, duk Zinder, daga unguwar Birni har ta Zango, Mai Naɗi ake kiransa, saboda naɗin taba ne aikinsa. Yaya da Kawu suka zauna suka tsara sanarwar. Suka sa sunan yankansa, wanda Inna ma ta ce rabonta da jinsa tun ranar ɗaurin aurensu. Suka ƙara da cewa dattijo ne, mahaifin wane ma'aikacin gwamnati. Mai Naɗi kuwa suka cire shi.

Na tare Yaya a tsakar gida washegari da safe, ya shigo ɗaukar buta.

Na ce, "Yaya, wa ya cire sunan Baba a sanarwa?"

Ya ce, "Sunanshi na sa. Wanda ubanshi ya raɗa mishi."

"Wa ya san shi da shi?"

Ya waiga ya ga ko akwai mai jinmu. Ya rage murya ya ce, "Ke ba ki da hankali ne? Gari duka na saurare, mutanen biro, wurin aikinmu, na saurare, sai a ce uban wane mai naɗin taba ya rasu? Rufa mishi asiri muka yi."

Na ce, "Wane asiri? Mutumin da ya yi aikinshi a zaure, ƙofa a buɗe, tun ba a haife ka ba? Naka asirin ka rufa, Yaya. Shi kuwa sahu ka rage mishi."

Ya ce in ji tsoron Allah, ana zaman makoki. Ya ɗauki butarsa ya fita.

To, tunda an ƙi faɗa a radiyo, bari in faɗa a nan. Mahaifina mai naɗin taba ne. Ba sigarin kwali ba, ba kuma garin da tsofaffi ke matsawa a baki ba. Ganye zalla yake naɗewa, ciki ganye, waje ganye, babu takarda, irin wadda Nasara ke kira sigar. Ya koya ne yana saurayi a wurin wani tsohon soja a Birni, wanda ya yi wa wani hafsan Faransa hidima ya dawo da sana'ar a hannunsa. Wani ɗan uwan Inna daga Dakusa ke sayo masa ganyen a kasuwannin kudu. Ya yayyafa masa ruwa, ya naɗe a tsumma, ya sa a cikin tulu ya kwana ya yi laushi. Da safe ya zauna ya zare jijiyar kowane ganye, ya ware masu kyau na sutura, ya murza sauran a kan cinyarsa, ya liƙe bakin da ƙaro. Sannan ya jera su a katako mai kwarmi-kwarmi, ya kifa wani a kai, ya danne da dutse don su ɗauki siffa.

Katakan nan na same su a gindin murhu ran da na iso, an haɗa su da itacen dafa abincin baƙi. Mafi girman cikinsu har wuta ta fara cin gefensa. Na fizge shi, na tsoma a ruwan wanke-wanke, na kwashe sauran na kai ƙarƙashin gadon Inna. Matar Yaya ta ce ai ba ta san suna da amfani ba.

Wanda ya ƙone ɗin shi ne na Dattijuwa. Haka Baba ke kiran naɗinsa na farko, kuma har ya mutu ita kaɗai yake ɗauka taba. Kaurinta ya kai babban yatsan namiji, tsawonta taƙi guda, wato daga babban yatsa zuwa na tsakiya in an buɗe hannu, kanta a tsuke, gindinta a buɗe. Majema da dillalan gyaɗa da fatake ke shan ta a zamanin da muke yara. Bayan la'asar za su zo zaure, kowa ya tuɓe takalmi, ya kunna tasa, ba mai tashi sai an kusa kiran magariba. A kan Dattijuwa ɗaya an sasanta rigimar gado a zauren nan, an kuma nemi auren 'ya'yan mutane da yawa. Baba yakan ce, "Ni ba ganye nake aunawa ba. Zaman mutum nake aunawa." In baƙo ya zo saye, ba ya tambayarsa wacce yake so. Sai ya ce masa, "Zama za ka yi, ko wucewa?"

Da manyan motoci suka yawaita a hanyar arewa, direbobi suka zo da tasu buƙatar. Su ba su da zaure, hannayensu biyu na kan sitiyari. Suna son doguwa siririya, marar nauyi, wadda za ta maƙale a gefen baki ta yi ta ci a hankali ba ta mutu ba. Baba ya yi gunaguni, ya ce wannan tsinken tsintsiya ne, amma ya kai wa masassaƙi aka yi masa sabon katako. Ya sa mata 'Yar Agadas. Ina tuna wani direba Babarbare, ƙato mai dariya, da in ya dawo daga tafiya tun daga bakin lungu yake ɗaga murya da gaisuwar Barebari, "Wushe, Mai Naɗi! Ka raka ni har Agadas ka dawo da ni!" Ya sauke wa Inna dabino, ya ɗebi na wata tafiyar.

Daga baya sigarin kwali ya cika gari, a kowane teburi ana sayar da kara ɗaya-ɗaya. Tsofaffin zaure suka yi ta mutuwa. Waɗanda suka maye wurinsu 'yan kabu-kabu ne, masu ɗaukar fasinja a babur, su kuma ko zama ba sa yi. Mutum zai tsaya ƙafa ɗaya a ƙasa, injin na kunne, ya ce a ba shi gajera wadda zai gama kafin a kira shi. 'Yar Tasha ke nan, tsawon yatsa ɗaya, baki da gindi duk ɗaya. Baba ya tsane ta. Yana naɗe ta yana tsaki, yana cewa mutanen yanzu ko guba za su sha ba su da lokacinta. Amma da ita ya ciyar da mu shekaru masu yawa, da ita Yaya ya gama lakwal, wato makarantar boko, har ya samu teburin da yake jin kunya a kansa yau.

Ni ma na yi faɗa da shi a kan tabar nan, faɗa ba na wasa ba. Shekarar da na fara aiki a gidan likita aka kwantar da direban nan Babarbare a ɗakinmu. Ƙaton mutum ya koma ƙashi da fata, yana jan numfashi ana ji daga waje. A hannuna ya cika. Na dawo gida ko farar rigar ban cire ba, na tsaya a kan Baba yana murza ganye, na ce, "Baba, mutuwa kake naɗewa kana sayar wa mutane."

Inna ta yi salati. Baba bai ɗago ba sai da ya liƙe bakin wadda ke hannunsa. Sannan ya tambaye ni wa ya rasu. Na faɗa masa. Akwai Dattijuwa a bakinsa, ya ciro ta, ya murje wutar a ƙasa, ya ce, "Tawa ke nan ta ƙarshe. Amma naɗi ba zan bari ba. Shi hannuna ya iya, kuma ban taɓa ce wa kowa magani nake sayarwa ba."

Na ce wannan ba hujja ba ce. Ya ce bai ce hujja ce ba. Muka yi watanni gaisuwa kawai ke haɗa mu. Bai sake kunna taba ba har ya koma ga Allah, ko da yake ta riga ta gama aikinta a ƙirjinsa. Daga ranar kuma duk wanda ya ji yana tari, ko yaron da gemu bai fito masa ba, ba ya sayar masa, ko zai kwana yana roƙo. Ni har gobe ina kan bakana, taba kisa take yi, kuma ita ta kashe shi. Shi ma ya mutu yana kan nasa. Amma faɗanmu a fili muka yi shi, ido cikin ido. Bai taɓa ɓoye mini abin da yake yi ba, ni kuma ban taɓa cewa ubana manomi ne ba.

Ƙaramin katakon, na ƙarshe, shi ne wanda ba na son taɓawa. Da wa'azi ya yi ƙarfi a kan taba, mutane da yawa suka bari, Allah ya saka musu. Ban ce malamai sun yi ƙarya ba, ni ma wa'azin nake yi kullum a wurin aiki. Amma akwai waɗanda suka bari a gaban jama'a kawai. Su ne suka daina biyowa ta zaure, suka koma ƙwanƙwasa ƙofar baya, ta wajen turken awaki. Buƙatarsu ɗaya ce, a rage tsawo. 'Yar Tasha ta yi musu yawa, tana leƙowa. Suna son wadda in an dunƙule hannu za ta ɓace a ciki, a zuƙa a bayan gida, a tauna goro, a fito a shiga sahun gaba. Baba ya ji kunyar kai wa masassaƙi wannan aiki, da wuƙarsa ya fafe katakon da kansa. Gaɓa biyu ta yatsa, iyakarta ke nan. Ya sa mata 'Yar Tafi.

Bai taɓa faɗin sunan mai saye ko ɗaya ba, ko ga Inna. Abin da kawai na taɓa ji ya ce shi ne, "Da, mutum na zama da tabarshi a san da wa ake zaune. Yanzu tabar ta ƙanƙance, rawani ya ƙaru." Amma gidan ba shi da girma, kuma murya ba ta ɓuya. Na san muryar Kawu ta bayan ƙyaure kamar yadda na san ta Inna. Kawun nan da bai taɓa cin abinci a gidanmu ba, wanda ya yi shekaru yana cewa an zubar da ƙanwarsa a gidan mai taba. Kawunnena suna da yawa, ban kama suna ba, wanda abin ya shafa ya san kansa.

Bara wani saurayi daga fadar masu shan shayi ta bakin titi ya zo da waya a hannu. Ya nuna wa Baba hoton wani mawaƙin ƙasar waje riƙe da gajera mai kauri, da zoben takarda mai ruwan zinariya a wuyanta. Irinta yake so. Baba ya yi murna, ya ɗauka kauri ya dawo. Ya ce masa, "Ka iya shan mai kauri kuwa?" Saurayin ya ce a'a, shi shisha yake sha, wannan hoto kawai zai ɗauka da ita. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce, "Je ka sayi guntun rake ka riƙe, ɗana. A hoto duk ɗaya ne, kuma ka sha zaƙi."

Mutum ɗaya ne ya rage yana karɓar Dattijuwa, shi ne aminin Baba. Mushe muke ce masa, wato malam da Faransanci, don tsohon malamin lakwal ne, Kirista, yana zaune can ɗaya gefen gari kusa da majami'arsu. Tun suna samari suke tare. Shi ne ya matsa wa Baba ya kai ni lakwal lokacin da dangi ke cewa a bar ni a gida. Da likita ya hana Mushe taba, ƙafafunsa kuma suka yi nauyi, Baba bai yanke zumunci ba. Duk wata sai ya zaɓi ganye mafi kyau, ya naɗa guda ɗaya a tsohon katakon, ya hau kabu-kabu da tarinsa ya kai masa. Ba a kunnawa. Mushe ya riƙe ta a yatsu, ya shinshina, ya sa a baki ya ciro, su yi ta hira daga la'asar har Baba ya tashi neman masallaci. Na taɓa tambayarsa amfanin tabar da ba a sha. Ya ce, "In babu ita a hannunshi, gaisawa za mu yi in taso. In tana nan, sai mun zauna."

Ranar sadakar uku, da rana ta ɗaga, na ji hayaniya a zaure. Mushe ne, jikarsa na riƙe da shi, ya sa tsohuwar kwat ɗinsa ta zuwa majami'a. Bai tsaya wurin maza ba, ya ce a kai shi wurin Inna. Ya tsaya a ƙofar ɗaki. A bakin wani mai gyaran takalmi ya ji labarin rasuwar, da safen nan.

Ya dube ni ya ce, "'Yata, na ji sanarwar nan fa. Radiyo na kusa da kunnena, da shi nake wuni. Na ji an ce wane ɗan wane ya rasu. Na ce Allah ya ba iyalinshi haƙuri, na ci gaba da shan kununa. Kununa na shanye, 'yata, ana binne shi."

Ya ce ya san ba zai shiga sahu ba, ba addininsa ba ne. Amma da ya tsaya a gefe, da ya bi su a baya har maƙabarta ko da rarrafe, da ya aika an gaya wa majema da mutanen tasha. Sai ya fashe da kuka, tsoho mai furfura, a tsakar gidanmu. A nan Inna ta yi kukanta na farko.

Da yamma, baƙi sun ragu, ina ba awaki dusa, sai na ji an taɓa ƙofar baya. Ƙwanƙwasawar da na sani ce. Na buɗe. Kawu ne, ya zagayo daga wurin zaman makoki, carbinsa na hannu.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana kallon awaki. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ko marigayi ya bar wani ɗan saƙo nawa? Yakan ajiye mini a tulu."

Na ce ya jira. Na shiga ɗakin Baba na buɗe tulun. Babu 'Yar Tafi ko ɗaya. Abin da ke ciki Dattijuwa ce guda, naɗe a tsumma, wadda ya yi wa Mushe ta wannan watan bai samu kaiwa ba. Na kawo, na miƙa wa Kawu da hannu biyu.

Na ce, "Ƙananan sun ƙare, Kawu. Wannan ce ta rage."

Ya karɓa. Wallahi ina kallo ya dunƙule hannu a kanta, don hannun ya saba. Kai ya leƙo ta sama, gindi ya leƙo ta ƙasa. Ya yi sauri ya miƙo mini kamar ta ƙone shi.

Na ce, "Kawu, kai ka ce a cire sunanshi?"

Ya ce, "Don mutuncin gida ne. Ke yarinya ce, ba za ki gane ba."

Ina durƙushe na ce, "Shekara nawa yana rufa maka asiri, Kawu? Ko Inna bai gaya wa ba. Kai kuma rana ɗaya tak ya buƙaci a faɗi sunanshi da ƙarfi, ka hana."

Ya gyara babbar rigarsa ya juya. Na rufe ƙofar na sa sakata, kuma tun ranar ba a sake buɗe ta ba. Dattijuwar na aika wa mai ita.

Washegari na yafa mayafi na tafi gidan radiyo da ƙafata. Yaya ya biyo ni har bakin titi yana cewa zan tona musu asiri, zan sa a yi da shi a wurin aiki, mace ba ta kai sanarwa. Na ce masa ya koma ya zauna da baƙinsa. Na gaya wa mai karantawa abin da zai faɗa, na sa ya maimaita mini: Mai Naɗi na Birni, mai naɗin taba, ya rasu, an riga an binne shi, za a yi sadakar bakwai a ƙofar gidansa.

Ranar bakwai tun da sassafe suka fara zuwa. Tabarmi suka ƙare, aka aro na masallaci, aka aro na maƙwabta. Na tsaya a inda Inna ta tsaya, ina leƙe ta jikin ƙyaure, kuma kusan kowa na san katakon da ake naɗa tabarsa a ciki. Ga 'yan tsirarun tsofaffin majema, ana riƙe da su, hannayensu sun rine da aikin fata. Ga tsofaffin direbobi, wasu da 'ya'yan waɗanda suka mutu, har da ɗan Babarbaren nan, ya zo wa Inna da dabino. Ga 'yan kabu-kabu sun jera babura har bakin titi, kuma ranar sun kashe injin sun zauna. Da yawansu sun daɗe da barin taba. Wani ya ce Baba ne ya kore shi saboda tari, shi ya sa yake raye. Mushe na gefe a kan kujera, Dattijuwarsa a yatsu, ba wuta, a gaban kowa. Masu 'Yar Tafi ma suna nan, ai su tun ranar farko suke nan, sun sunkuyar da kai suna jan carbi.

Duk wanda ya matso gaishe da Yaya, tambaya ɗaya yake yi masa: "Me ya sa ba a gaya mana ba?" Na ji yana cewa an sanar, an sanar a radiyo. Wani tsohon direba ya ce, "Wa aka sanar? Mu ba mu ji an ce Mai Naɗi ba." Yaya ya yi ta share zufa da hularsa.

Mata na ta ce mini in yi farin ciki, ga jama'a Baba ya samu. Inna ma ta ce in bar zancen haka, in yafe wa ɗan uwana. Zan yafe, ina roƙon Allah ya sanyaya mini zuciya, amma ban kai can ba tukuna, kuma ba zan yi ƙarya a ta'aziyyar mutumin da bai iya ɓoye-ɓoye ba.

Allah ya jiƙan Baba. Allah ya yafe masa abin da hannunsa ya naɗa, ya saka masa da asirin da ya rufa wa mutane da zaman da ya yi da su. Ya sa kabarinsa ya fi zaurensa yalwa.

Da aka shafa fatiha mutane suka miƙe, na ƙiyasta su da ido daga bayan ƙyaure. Da a ranar suka zo, da sahun ya cika lungu ya fita titi, da sai an tare motoci. Ga su nan duka, da alwalarsu, a shirye. Amma an riga an yi wa Baba salla, kuma ba a yi wa mutum sau biyu.